Mutumin Kujerar Dama

Likitan haƙori ya iso filin jirgin yana rera 'yar waƙa. Guntun fili ne a bayan wata gona: ciyawa, rumfar kwano, shingen waya a ƙarshe. Ya daɗe yana koyon tuƙa ƙaramin jirgi. Ya iya tashi, ya iya juyi, sauka ce kawai bai taɓa yi da hannunsa ba. Malaminsa ya yi tafiya, amma ya ce za a turo wani.

Ga shi kuwa: wani dattijo mai furfura da baƙin tabarau yana zagaya jirgin, yana ƙwanƙwasa fiffike.

"Malam, har an iso?" in ji likita.

"Kai nake jira, Malam. Bismilla."

Likita ya hau kujerar hagu. Dattijo ya zauna a dama, ya harɗe hannu a ƙirji. Jirgi ya tashi sumul, matar likita na ƙasa tana ɗaga musu hannu.

Da tsohon malaminsa ne, da tuni ya cika masa kunne da gyara. Wannan kuwa sai murmushi kawai.

"Yaya ka gani, Malam?"

"Kai! Sai ka ce an haife ka da fuka-fukai!"

Daɗi ya kashe likita. Ya karkata dama, ya karkata hagu, suna ta ƙyalƙyala dariya kamar yara a lilo.

Da suka juyo, filin ya koma ɗan tsiriri kamar tsinken ashana. Likita ya sassauta hannu, yana jiran dattijo ya karɓi tuƙin.

"Mu sauka?"

"Yadda ka gani, Malam."

Wato an yarda da shi! Ya dubi dattijo, ya gan shi ko gezau. Ya nufi ƙasa.

Gudu ya yi yawa. Rabin filin ya wuce a ƙarƙashinsu kafin tayoyi su taɓa ciyawa. Jirgi ya yi tsalle kamar ƙwallo, ya dira, ya sake tashi. Likita ya danne birki da ƙafa biyu yana salati. Shinge ya tsinke. Suka kutsa cikin masara, jirgi ya kafa hanci a laka, jela a sama.

Likita ya taɓa kansa, ya motsa ƙafa, ya bi haƙoransa da harshe. Komai na nan. Can matarsa ta sheƙo a guje, takalmi a hannu, tana kururuwa.

Dariya ta ƙwace wa likita har da hawaye.

"Malam, ka yafe mini. Na ba ka kunya."

Dattijo ya cire tabarau, ya kakkaɓe ganyen masara daga kafaɗa, idanunsa na ƙyalli.

"Kunyar me, Malam? Ni dai don Allah ka bi ni a hankali wajen koya mini irin wannan saukar, yau ce fa ranata ta farko a jirgi."