Bayan An Yanke Ƙafar Edna

Edna tana zaune a ƙofar gidansu a Dawaki sai ga saurayinta Jesse, malamin firamare, a kan sabon babur da ya saya da kuɗin ƙarin albashi na Udoji. Ba su haɗu ba tun da ta dawo daga Legas, inda aka yanke mata ƙafar hagu saboda ciwon daji na ƙashi.

Ya gaishe ta, idonsa ya sauka kan dungun ƙafar, ya kawar da kai da sauri.

"Duba da kyau, Malam," in ji ta. "Ba za ta sake tsirowa ba."

Ya duba ɗin, ya daɗe. Sannan ya ce, "Kawuna zai zo wurin Baba ranar Lahadi neman aurenki."

"Likita ya ce ciwon yana iya dawowa ta huhu. Mamarka ta sani?"

"Ta sani. Ta yi kuka, ta ce in haƙura da ke."

"Kai fa?"

"Ai ga ni."

Edna ta jawo sandunanta ta miƙe, ba ta karɓi hannun da ya miƙo mata ba.

"To, kawun naka ya zo. Amma ranar aure da kaina zan taka har gaban fasto, ba mai ɗauka ta."