Tambayar Na'urar Asibiti

Da ƙyar na yarda na rubuta wannan, don maganar da nauyi a bakina.

Tun da aka kafa na'ura a ƙofar asibitin unguwarmu, ba mai ganin likita sai ta yarda. In ta ce "lafiyarki ƙalau" sau uku, katinki ya rufe shekara guda. Ni ta faɗa min sau ɗaya.

Ciwona zuwa yake farat ɗaya: kai ya sara, zuciya ta hau bugu, gumi ya jiƙe ni. Ranar da na koma, na'urar ta haska saman ƙodata, inda irin ƙarin da ke tayar da jini yake fitowa. Babu komai.

"Yaushe yake tasowa?" ta tambaya da ƙarfi, maza a layi suna ji.

"Kowane lokaci," na ce.

"Lafiyarki ƙalau."

Na fito kamar in fashe. Iya Marka mai shara, wadda ta shekara talatin a asibitin, ta tare ni.

"Ke 'yar nan, ƙarya kika yi. Yaushe?"

"In na yi fitsari," na raɗa mata.

"To! Ai ƙarin nan har a mafitsara yana fitowa. Wannan gwangwanin ba ya duba can sai an faɗa masa."

"Iya, a gaban maza?"

"Su ba sa yi ne?"

Washegari na shiga layi, saura min dama ɗaya. Da na'urar ta tambaya, na ɗaga murya na faɗa. Wani dattijo ya yi gyaran murya. Ƙofar likita ta buɗe.