Kan Burtu a Bakin Shinge

Tsohon maharbi ya ɗaura kan burtu a goshinsa, ya durƙusa.

"Baba, nan ba a farauta," in ji malamin daji. "Hukumar En'e ta hana."

"Ɗana, ka gan ni da kwari da baka? Barewar nan mai ƙafa uku na zo gani. Tarkona ne ya ci ta huɗun. Tun daga Gwandu na tako."

Malamin ya buɗe masa shingen da ke bayan Kalgo, inda ake jinyar namun dajin da aka ceto. Tsohon ya rarrafa yana kaɗa kai kamar tsuntsu mai kiwo, da 'yar harawa a hannunsa. Shekara arba'in, ta haka kaɗai ya san ake kusantar dabba.

Barewar ta zabura, ta ɗingisa can nesa.

"Da mutane ta saba, Baba. Cire abin nan."

Ya daɗe kafin ya kwance igiyar kan burtun. Ya zauna da fuskarsa a fili. Sai ga ta ta dawo, ta wuce harawar, ta lashi gishirin hawayen da ke gangarowa a kumatunsa.