Wata Ɗaliba Daga Tambuwal

"Wanda ya kwafi aikin wani bai ambace shi ba ya yi sata," in ji shugaban zauren intanet na manhajarmu ta manoma, wadda kowa ke iya gyarawa kyauta. Za su kori Baba, malamin kwamfuta a Kebbe, daga zauren don ya saka layukan da na rubuta a cikin manhajar, ya ce na "wata ɗaliba daga Tambuwal" ne.

Ban iya gardama cikin mutane ba, amma na rubuta: "Ni ce 'yarsa ta fari. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari."

Shugaban ya ba da haƙuri, ya ce duk da haka sai an sa suna.

Da la'asar Baba ya kira ni. "Ke, diba shafin manhajar."

Sunana ne cikakke ya rubuta a wurin, karon farko daga gare shi. Na koma zauren, na rubuta wa shugaban: "Na gode."