Gayyar Kwango

Direba ya riga ya tayar da motar soja a tashar Funtuwa sa'ad da wani tsoho ya riƙe ƙofar baya. Ɗansa tilo yana ciki tare da sabbin kurata, a shekarun da ake ta kwasar sojoji zuwa yaƙin Kwango.

"Baba, saki mota," in ji sajen da ke kula da kuratan. "Manyan ƙasashe ne suka kira mu. Gayya ce ta duniya."

"Madalla. Ni ma na je gayyar Bama a yaƙin duniya na biyu, can na baro yatsun nan. To, Saje, kowace gayya da gonarta. Wannan hatsin, rumbun wa za shi?"

Samari suka kwashe da dariya. Ɗan ya sunkuyar da kai. "Baba, don Allah ka koma gida."

Sajen bai yi dariya ba, domin bara ya dawo daga Kwango.

"Na ga rumbun," ya ce a hankali. "Jirgin ƙasa ne maƙare da jan ƙarfe, kullum yana gangarawa bakin teku. Masu shi ko fartanya ba su riƙe ba."

Ya zaro igiyar awo, ya zagaya ƙirjin ɗan tsohon da ita, ya ɗaga murya. "Ƙirjinka bai kai ba. Sauka!"

Tsohon ya tasa ɗansa gaba zuwa garinsu Tsiga, yana gaida kowa a hanya da hannun nan mai guntayen yatsu. Duk tashar nan an gani, da ƙyar igiyar ta haɗu a bayan saurayin saboda faɗin ƙirjinsa.