Ɗigon Alli a Bangon Ɗaki

Kai Nomau, da gemunka da 'ya'yanka huɗu, ka tako har ɗakina don ka tambaye ni ko tauraruwa mai wutsiya tana hana ruwan sama? Abin da ko da idonka ba ka gani ba, a waya aka nuna maka, har kana zancen sayar da shanun huɗa! Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma ban taɓa rabuwa da ko kaza don tsoron abin da ke sama ba. Matsa daga bakin ƙofa ka zauna, ka ji misali.

An yi wata mata mai kaɗi, mijinta manomi. Fadama ɗaya gare shi, gadon ubansa, ita ke ciyar da gidan rani da damina. Wata shekara da bazara sai ga tauraruwa mai wutsiya ta gabas, gab da kiran assalatu. Ba wata abar a zo a gani ba ce, dishi-dishi take, kamar gutsuren auduga da iska ta maƙala a ƙaya. In ka kafa mata ido ma ɓacewa take yi, sai ka ɗan kawar da kai ka sace ta da gefen ido. Amma gari ya ɗauka: kanmu ta nufo, kullum ƙara matsowa take, bana ko ɗigo ba za a yi ba. Masu faɗin haka kuwa rabinsu minshari suke yi lokacin da take fitowa. Ita matar da ma ta saba riga zakara tashi, sai ta kifa turmi a tsakar gida, ta tona masa gurbi don kada ya gusa. Kullum ladan na gyara murya tana zaune a kai. Ta miƙa hannu da mazari ta auna daga kan rumbu zuwa tauraruwar, yatsa nawa sama, yatsa nawa gefe, sannan ta lakato allin kaɗinta ta ɗiga a bangon ɗaki. Hasken kuma da mayafinta take gwada shi. Kwanakin farko, in ta yafa shi a fuska tauraruwar ta ɓace. Ran kwana goma ta hango ta ta cikin mayafin. Ran kwana ashirin ta ninka shi biyu, ta kuma hango ta. Ranar kam ita ma gabanta ya faɗi, ko kokon kirki ba ta dama ba. Duk da haka washegari ta koma kan turminta.

Bayan kwana biyar ninki biyu ya rufe tauraruwar. Ɗigon allin nan da ke tafiya ɗoɗar ya fara lanƙwasa kamar lauje, ya yi arewa. Ta san abin da ya nufo ka ba ya juya maka baya yana dusashewa. Ta kama hannun rigar mijinta ta nuna masa bangon, wanda kullum a jikinsa yake jingina yana shan koko. Ko waiwayowa bai yi ba. Ya ce, "Dattawan gari ba su auna sama ba, sai ke da allin kaɗi?" Ka ji fa! Kafin Juma'a ya ba maƙwabcinsa fadamar, ya karɓi jakuna biyu da zai kwashi iyalinsa su yi kudu. Suna cikin ɗaure kaya tauraruwar ta ɓace ɓat, da mayafi da ba mayafi. Kwana bakwai tsakani hadari ya haɗo, aka kwana ana ruwa har katangar zaure ta zube. Ya sheƙa wurin maƙwabci yana a warware ciniki, shi kuwa ya ce ciniki ya faɗa, a gaida jakuna. Daminar nan a fadamar ubansa ya yi ƙodago, a duƙe, bayan rigarsa fari fat da allin da ya yi ta gogewa bai taɓa dubawa ba. Daga baya wani tsohon farke ya ce irin wannan tauraruwa tafiyarta nisa gare ta, in ta juya, jikokin jikoki ma ba lalle su ga dawowarta ba. Matar ta ce, "To, ita da fadamar tare za su dawo." Ta tayar da turminta ta zuba gero.

Shi ya sa Hausawa suka ce, rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa. Kana son sanin inda tauraruwarka ta nufa? Tashi da asuba, ka sami wuri ɗaya ka zauna, ka duba ta yau, ka duba ta gobe, ka duba ta jibi. In ba za ka iya rabuwa da bargo ba, to ka bar shanun nan su yi kiwonsu. Ku kuma yaran nan da kuka yi tsuru-tsuru a gindin gado kuna sauraron maganar manya, wa ya kira ku? Ku tashi ku kwanta, kada in ƙara jin tarin kowa.