Ankon da Adawiyya Ta Shiga

Adawiyya irin yaran nan ce masu mafarki ido biyu. Sai a aike ta ɗebo ruwa, a tarar da ita a bakin rijiya ta zuba wa gajimare ido, guga na lilo a hannunta. Amma fa akwai kai. A duk ƙauyensu da ke bayan Gadau, ita kaɗai ce macen da ta gama sakandare a Azare a shekarar 2002, kuma ta ci darussan kimiyya da kyau.

Ga ta da hannu. Tun tana ƙarama take bin Goggo Dijatu, ungozomar garin, tana riƙe mata ƙwarya da tsummoki. Goggo kan ce hannun yarinyar nan sanyi gare shi, in ta dafa mai naƙuda sai ka ga hankalinta ya kwanta.

A shekarar aka gina wa garin ɗakin haihuwa, gado biyu, farin fenti, amma babu ma'aikaciya. Dattawa suka yi ta safa da marwa har suka samo gurbi ɗaya a makarantar koyon aikin ungozoma, suka ce na Adawiyya ne. Malam Kashim, shugaban firamare, shi ya kawo fom ɗin a kan kekensa.

To, Adawiyya na da ƙawaye biyu 'yan Azare, Jamila da Rukayya. Shekara shida ba su taɓa yin Sallah da kaya daban ba. Anko a atamfa, anko a takalmi, kai har zanen lalle iri ɗaya. Su biyun sun riga sun yanke aikin sakatariya za su karanta, wato buga keken rubutu, kuma Jamila ta faɗa ba da wasa ba cewa wadda ta fita daga anko ta fita daga ƙawance.

Suka ja ta wani ofis a Azare don ta gani da idonta. Wata mata ce zaune, fanka na kaɗa mata mayafi, yatsunta na rawa a kan keke, in layi ya ƙare wata 'yar ƙararrawa ta yi ƙara. Shi ke nan, an gama da Adawiyya. Tun daga ranar, ko tsintsiya ta ɗauka sai ta ga kanta a kujerar nan. Iska mai sanyi, ƙamshin turare, su uku a jere cikin atamfa ɗaya, ana ta yi musu sallama a bakin ƙofa. Ko tankaɗe take yi, yatsunta na buga bakin rariya.

Malam Kashim ya ce ta dai tambaya tukuna ko aikin nan zai kai shekara goma, don ya ji an fara shigo da kwamfuta ofisoshi. Mahaifinta ya ce dama ɗaya ce, ta zaɓa da kyau. Goggo kuwa ta kama kunnenta.

"Ke 'yar nan, zane ake yi wa anko. In ya koɗe ki ɗinka wani. Wannan fa ba zane ba ne."

Adawiyya ta yi dariya, ta ce Goggo ba ta san zamani ba. Ta mayar wa Malam Kashim fom ɗinsa fes, ko sunanta ba ta rubuta ba. Da aka rasa wata mai irin sakamakonta, gurbin ya koma wani gari.

Ta bi ƙawayenta karatun sakatariya, amma kafin su gama a 2005, anko ya watse. Jamila ta yi aure ta tafi Kaduna, Rukayya ta zauna a shagon mahaifinta. Adawiyya ce kaɗai ke yawo da takardu ofis-ofis, kuma ko'ina tambayar ɗaya ce: kin iya kwamfuta? Ita kuwa guda ɗaya tak ta taɓa gani a makarantarsu, lulluɓe da kyalle, ba a bari a taɓa. Har ofishin mafarkinta ta koma. Fankar na nan tana juyawa, kekunan kuwa an jibge su a bayan kabad. Ta yi kuka ranar, kuka na gaske.

Ɗakin haihuwar garinsu yana nan a kulle, awaki na fakewa a barandarsa.

Da daminar 2007, da hantsi, naƙuda ta kama yayarta, Adda Bara'atu. Goggo ta tsufa, ido ya tafi, hannu na rawa. Ta ce Adawiyya ta dafa cikin ta gaya mata abin da ta ji. Ta dafa. Hannun bai manta ba, nan take ta gane yaron a gicciye yake. Amma daga nan fa? Ba ta san komai ba. Abin da ungozomar asibiti za ta gano tun a awon ciki, ta tura su Azare da wuri, sai yau aka sani.

Aka sa Adda a akori-kura, Goggo da Adawiyya na gefenta, hanya duk taɓo. Sai bayan la'asar suka isa asibiti. An ceto Adda da ƙyar, yaron kuwa bai zo da rai ba.

Ungozomar da ta fito musu da labarin, yarinya ce sa'ar Adawiyya, cikin fararen kaya. Ta dube su da tausayi.

"Wai ba ku da ma'aikaciya ko ɗaya a garinku?"

Goggo dai ta laluba ta kamo hannun Adawiyya, ta riƙe shi, tana shafa yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Ɗalibai da iyaye, karatu ba a yi masa anko. Kafin ku cike fom, ku dubi baiwar da Allah Ya ba ku, ku dubi abin da garinku ke buƙata, sannan ku tambayi masana ko aikin zai kai gobe.